Daga Ramin Yanyawa Zuwa Teburin Alƙali: Mallaka da Kiwo da Gasar Karen Foks Teriya Mai Sulɓin Gashi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani irin kare ɗan asalin Ingila da ake kira Foks Teriya mai sulɓin gashi, ta fuskar mallakarsa da kula da shi da shigar da shi gasa. An samar da karen ne domin aiki guda, wato ya shiga rami ya koro yanyawa, amma tun daga 1876 rubutaccen mizani ne ke yanke hukunci a kan siffarsa. Maƙalar ta nuna cewa jikin karen ya bi abin da aka rubuta, halinsa kuwa ya tsaya a kan aikin da aka daina ba shi, kuma wannan tazara ce ke bayyana nauyin da ke kan mai shi a yau da kuma raguwar irin a ƙasarsa ta asali.

1.0 Gabatarwa

A ƙarshen ƙarni na 19 Foks Teriya mai sulɓin gashi yana sahun gaba cikin karnukan da suka fi farin jini a Ingila. Karen da ya raka matafiya uku a cikin littafin barkwanci na Jerome K. Jerome, Three Men in a Boat, wanda aka buga a 1889, Foks Teriya ne. Haka kuma akan danganta Nipper, karen nan da ke sauraron garmaho a tambarin faifan His Master's Voice, da wannan dangi, duk da cewa ruwa biyu ne. A yau kuwa sunan irin yana cikin jerin karnukan gida da Kennel Club, wato babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, take fargabar ɓacewarsu.

Sunan karen yana buƙatar ɗan bayani ga mai karatun Hausa. Kalmar teriya ta samo tushe daga kalmar Latin mai ma'anar ƙasa, ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi, kuma tana nufin karen da ke bin dabba cikin ƙasa. Ita kuwa foks, masu fassara sukan mayar da ita dila, saboda a tatsuniyoyin Turai ita ke riƙe da matsayin wayo irin wanda dila yake da shi a tatsuniyoyin Hausa. Ta fuskar adabi wannan fassara ta yi daidai. Ta fuskar halitta kuwa dabbar 'yar'uwar yanyawa ce ta kusa, sai dai ta fi ta Sahel girma sosai, kuma gashinta ja ne. Saboda haka da yanyawa za a kira ta a nan. Ambaton sulɓin gashi kuma domin a bambanta karen ne da takwaransa mai kaushin gashi, wanda suka yi tarayya a suna da tarihi.

2.0 Aikin da ya Siffanta Karen

Farautar yanyawa a Ingila sha'anin masu gonaki da masu hannu da shuni ne. Sukan fita bisa dawaki, garken manyan karnuka masu bin sansano suna gaba. Idan yanyawa ta ga uwar bari sai ta faɗa rami, manyan karnukan kuma ba su iya bin ta. A nan ne ake sakin ɗan ƙaramin kare, wanda ko dai ya biyo garken da ƙafa ko an ɗauko shi cikin jaka bisa doki. Abin da ake so gare shi shi ne ya kutsa ramin, ya dame ta da haushi har ta fito, a ci gaba da sukuwa. Idan ya kashe ta a ciki ya ɓata wa mahaya wasansu.

Kusan duk wata siffa ta karen daga wannan aiki ta fito. Dole ƙirjinsa ya zama matsattse yadda zai bi inda yanyawa ta bi. Mafarauta sukan gwada shi ta hanyar zagaye ƙirjin da tafukan hannu biyu. An fifita farin gashi domin kada garken ya ɗauke shi yanyawa ya afka masa a lokacin da ya fito daga rami buɗu-buɗu da ƙasa. Ana son murya mai ƙarfi domin na sama su san inda yake. Sama da kome, ana son zuciya da cin gashin kai, tunda a cikin rami, a duhu, babu mai ba shi umurni.

Shaidar farko da masu tarihin irin suka fi ambata ita ce hoton wani kare mai suna Pitch, mallakar Kanar Thomas Thornton, wanda Sawrey Gilpin ya zana a 1790. Amma nasabar karnukan yau tana komawa ne ga wasu 'yan ƙalilan na tsakiyar ƙarni na 19, irin su Old Jock da Trap da Tartar da Belgrave Joe da wata karya mai suna Grove Nettle. Yawancinsu daga gidajen karnukan farauta suka fito kafin a saye su a kai su gasa.

3.0 Mizanin 1876

Gasar nunin karnuka ta zamani ta fara ne a Newcastle a 1859, kuma a farkon shekarun 1860 aka fara ware wa Foks Teriya aji nasa. An kafa Kennel Club a 1873, ta fitar da kundin nasaba na farko a 1874. Bayan shekara biyu, a 1876, masu wannan iri suka kafa tasu ƙungiyar, Fox Terrier Club, suka rubuta mizanin da za a riƙa auna karen da shi. Ƙungiyar Amurka da aka kafa a 1885 ta ɗauki wannan mizani, kuma har yau sauye-sauyen da aka yi masa kaɗan ne.

Mizanin ya bi jikin karen gaɓa-gaɓa. Ƙoƙon kai ya zama shimfiɗaɗɗe, ba mai faɗi sosai ba, yana tsukewa zuwa wajen idanu. Idanu ƙanana, masu duhu, kusan zagayayyu. Hanci baƙi. Kunnuwa ƙanana masu kusurwa uku, su karyo gaba kusa da kunci. Baya gajere, ƙafafun gaba miƙaƙƙu, tafin ƙafa ƙarami a dunƙule. Gashi kwantacce, mai sulɓi, mai tauri da yawa, har ciki da matsematsi kada su zama tsirara. Fari ne zai rinjayi sauran launuka, ko shi kaɗai ko da tabon baƙi ko ruwan ƙasa. Ratsi-ratsi da ja da launin hanta abin ƙi ne. Nauyin namiji a Birtaniya tsakanin kilo 7.5 ne zuwa 8, mace kuma ƙasa da haka kaɗan. Mizanin Amurka ya ƙara da cewa tsayin namiji a kafaɗa kada ya wuce inci 15 da rabi, wato wajen santimita 39, kuma ya fitar da duk karen da kunnuwansa suka miƙe tsaye, ko hancinsa ya yi fari ko ja, ko muƙamuƙinsa na sama da na ƙasa suka saɓa ƙwarai.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne cewa a wurin da ya fi muhimmanci, mizanin ya bar lissafi ya koma ga kamance. Ya ce karen ya tsaya kamar dokin farauta mai kyan ƙira, wanda tsayuwarsa ta ci fili alhali bayansa gajere ne. Mutanen 1876 mahaya ne, sun san dokin da ake nufi. Alƙalin da bai taɓa hawan doki ba kuwa sai dai ya fassara kamancen da idonsa, kuma ido yana son ƙari. Idan an ce kai ya yi tsawo, wanda ya fi tsawon kai ne zai ci. Idan an ce baya gajere, sai a yi ta gajarta shi. Ta haka kalmomi ba su sauya ba amma karen ya sauya: kai ya ƙara tsawo da siranta, ƙirji ya ƙara zurfi, jiki ya ƙara girma.

Akwai wani hoto da ya nuna wannan al'amari ƙarara. A 1897 Arthur Wardle ya zana karnuka 11 na gidan kiwon Totteridge, mallakar Francis Redmond, ɗaya daga cikin manyan masu kiwon irin. Daga baya mai zanen ya faɗa cewa Redmond ya tsaya a kansa yana sa shi gyara karnukan, a gajarta baya, a tsawaita wuya da baki, a ƙanƙanta kunnuwa da ƙafa, har hoton ya fi karnukan kyau nesa ba kusa ba. Duk da haka wannan hoto ne masu kiwo na baya suka riƙa kallo a matsayin abin koyi. Wato an zana karen da babu shi, sannan aka yi ta ƙoƙarin haifar da shi.

Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Limamin cocin nan na Devon, John Russell, wanda ya rayu daga 1795 zuwa 1883, yana cikin mutanen farko na Kennel Club kuma ya yi alƙalancin Foks Teriya, amma bai shigar da nasa karnukan gasa ba, ya bar su a kan farauta. Irin karnukan da aka ci gaba da kiwo domin aiki su ne daga baya suka ɗauki sunansa. Kennel Club ta amince da Parson Russell a 1990, da Jack Russell a 2016. Reshen da ya ƙi gasa ke nan ya dawo cikinta ta wata ƙofa, kuma a yau ya fi Foks Teriya yawa a gidajen mutane.

4.0 Gasa

Manyan gasanni biyu ne suka fi suna. Charles Cruft, wani dillalin abincin karnuka na kamfanin Spratt's, ya fara da gasar teriya zalla a Landan a 1886, sannan a 1891 ya buɗe gasar da ke ɗauke da sunansa, Crufts, wadda tun daga 1991 ake yin ta a Birmingham. A Amurka kuwa gasar Westminster ta New York ta fara a 1877. Da aka soma ba da kambin gwarzon gasa baki ɗaya a 1907, wata karya Foks Teriya mai sulɓin gashi, Warren Remedy, mallakar Winthrop Rutherfurd, ita ta ɗauka, ta sake ɗauka a 1908 da 1909. Har yanzu babu karen da ya yi haka sau uku in ba ita ba. A 1910 wani ɗan irinta, Sabine Rarebit, ya gaje ta. Daga nan irin bai sake cin wannan kambi ba, alhali mai kaushin gashi ya ci sau 15.

A filin gasa ba a gwada kare da kare kai tsaye. Kowanne ana gwada shi ne da mizani, wanda ya fi kusa da shi ya ci. Ba a shigar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata 6 ba. Akan ɗora karen bisa tebur, a tsayar da shi ƙafafu a daidaice, kai da wutsiya a sama. Alƙali zai buɗe bakinsa ya ga yadda haƙora suka haɗu, ya shafa kafaɗa da haƙarƙari da cinya, ya taɓa gashi ya ji taurinsa. Sannan a sauke shi a tafi da shi gaba a dawo, domin tafiya ce ke tona abin da tsayuwa ta ɓoye. A Amurka akan fito da karnuka biyu ko uku su fuskanci juna a kan igiya, ba domin faɗa ba, sai domin a ga wanda zai miƙe ya tsaya a kan yatsunsa ba tare da tsoro ko hauka ba. Hanyar da aka saba bi kare ya zama zakara a Birtaniya ita ce ya sami takardar shaidar fifiko sau 3 daga alƙalai 3 daban-daban. A Amurka maki 15 ake tarawa, ciki har da manyan nasarori biyu a hannun alƙalai biyu.

Masu irin sukan ce karensu ba shi da wurin ɓoye aibi, kuma da gaskiyarsu. Mai kaushin gashi ana tsige masa gashi da hannu na makonni, a bar wani wuri a rage wani, har gwanin gyara ya rufe raunin kafaɗa ko ƙafa. Mai sulɓi kuwa ɗan datsi ne kawai ake yi masa a wuya da wutsiya da bayan cinya. Akan shafa alli a farin gashi domin tsabtace shi, amma dokar Kennel Club ta hana a shigo da kare fili da wani abu a jikinsa da ke sauya launi ko taurin gashi. Kunnuwa ne suka fi ba masu kiwo wahala, domin a lokacin da ɗan kwikwiyo ke famfara sukan karkace ko su miƙe. Wasu sukan manna su da gam na 'yan makonni har su zauna. Gyara su da wuƙar likita kuwa maguɗi ne da ke hana kare shiga gasa.

Batun wutsiya ya raba gasannin ƙasashen biyu. A da akan guntule wa ɗan kwikwiyo wani sashe nata a kwanakinsa na farko, bisa hujjar cewa gajeriyar wutsiya mai ƙarfi ita ce mariƙin da ake jawo kare daga rami. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006, wadda wannan sashe nata ya fara aiki a 2007, ta hana yin haka a Ingila da Wales, sai ga karen da likitan dabbobi ya shaida cewa na aiki ne, kuma kafin ya wuce kwana 5. Ko shi ɗin ba a nuna shi a gasar da jama'a ke biyan kuɗin shiga. A Amurka har yanzu ana guntulewa.

5.0 Kiwo a Gida

Hali zanen dutse ne. Shekaru kusan 150 na zaɓen siffa ba su kankare abin da farauta ta dasa ba, kuma wannan ne mai sayen karen saboda kyan hotonsa yakan gano a makare. Karen yana tona rami a lambu, yana haushi ga duk wani motsi, yana bin kyanwa da zomo da kaza, kuma ba ya ja da baya ga karen da ya ninka shi girma. Idan ya hango abin bi, kiran mai shi ba ya shiga kunnensa. Saboda haka shingen gida dole ya yi tsawon da ba zai tsallake ba, ya kuma nutse cikin ƙasa yadda ba zai tona ƙarƙashinsa ba. A karkara igiya wajibi ce, domin dokar 1953 ta ɗora wa mai kare laifi idan karensa ya tarwatsa tumaki ko ya ji musu rauni.

Yana buƙatar wajen awa guda ta motsa jiki kowace rana, da abin da zai shagaltar da hankalinsa, kamar neman abin da aka ɓoye ko bin ƙwallo. Idan aka bar shi shi kaɗai tsawon yini, kujeru da takalma ne za su biya. Yana da saurin koyo da saurin ƙosawa, don haka gajeren horo mai lada ya fi dogon horo mai tsawa amfani. Saba masa da mutane da sauran karnuka tun yana ɗan makonni shi ne abin da ke rage masa neman faɗa idan ya girma. Da yaran gida yana da son wasa ƙwarai, sai dai ƙarfin wasansa kan yi wa ƙanana yawa.

Gyaran jikinsa ba shi da wuya: buroshi sau ɗaya a mako, yankan farce, wanke haƙora, wanka idan ya yi datti. Amma yana zubar da gashi fiye da mai kaushi, kuma gajeren farin gashin yakan soke cikin tufafi da darduma ya ƙi fita. Babba yana cin abinci sau biyu a rana, ɗan kwikwiyo sau uku ko huɗu. Rigakafin manyan cututtuka akan fara shi ne a wajen mako na 8.

Doka ma ta shiga sha'anin mallaka. A Ingila ba a sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Tun daga Afrilun 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kare 'yar ƙwayar na'ura ƙarƙashin fata mai ɗauke da lambar da ke kai ga mai shi. Daga Afrilun 2020 kuma an hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai a saya daga hannun wanda ya kiwata shi ko daga gidan ceton dabbobi.

6.0 Lafiya da Raguwar Iri

Karen yana da ƙarko, yakan kai shekara 12 zuwa 15. Cututtukan da aka fi sa wa ido na gado ne. Akwai kurumta, wadda ke da alaƙa da yawan farin gashi, kuma ana gano ta da gwajin na'ura tun kwikwiyo yana ƙarami. Akwai gocewar ƙoƙon gwiwa, da lalacewar kan ƙashin cinya a ƙuruciya. Akwai kuma wata cutar laka da ke sa kare tangaɗi, wadda likitocin Suwidin suka bayyana a wannan iri tun 1957. An gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta, kuma tana ɓuya a jikin iyaye lafiyayyu, ba ta bayyana sai ɗa ya gaje ta ta wajen uwa da uba duka. Gwajin jini ko na yawu kafin barbara ya isa ya hana haka.

A nan ne gasa take da hannu. Namijin da ya yi suna a fili kowa shi yake so ya haifa masa, sai ya zama uban ɗaruruwa, kuma duk aibin da ke ɓoye a jikinsa ya bazu tare da kyansa. Bayan shirin talabijin na BBC na 2008 mai suna Pedigree Dogs Exposed, wanda ya soki wannan ɗabi'a a kiwon karnuka masu nasaba, Kennel Club ta daina rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko 'yan ciki ɗaya, daga 2009. Sai dai a irin da yawansa ya ragu, kowa dangin kowa ne ko da ba a haɗa na kusa ba.

Raguwar ta daɗe da farawa. Tun daga shekarun 1920 mai kaushin gashi ya sha gaban mai sulɓi, da taimakon Caesar, karen Sarki Edward na VII da ya bi gawar ubangidansa a jana'izar 1910, da karen Tintin, da Asta na fim ɗin The Thin Man na 1934. A da akan haɗa nau'o'in biyu a barbara, amma an daɗe da bari, kuma a 1985 Amurka ta raba su zuwa iri biyu masu mizani daban-daban. Rayuwar birni, da ƙananan gidaje marasa fili, da maƙwabta masu ƙorafin haushi sun ƙara tura mutane ga karnuka masu sanyin hali. Jerin da Kennel Club ta fara fitarwa a 2003 ya ƙunshi duk wani irin gida da 'ya'yansa masu rajista ba su wuce 300 a shekara ba. Na Foks Teriya mai sulɓin gashi sau da yawa ba sa kai 200.

Aikin asali ma doka ta taƙaita shi. Dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta hana farautar yanyawa da garken karnuka a Ingila da Wales. Ta bar ƙofa ɗaya: a saki kare guda cikin rami domin kare tsuntsayen da ake kiwo don harbi, kuma masu wannan aiki sun fi amfani da wasu ƙananan teriya da ba su da rajista. A Amurka, tun daga 1994 ƙungiyar rajista ta ƙasar take shirya wata jarrabawa da ake gina ramin katako ƙarƙashin ƙasa, a ajiye ɓeraye cikin keji mai kariya a ƙarshensa, a ga ko kare zai shiga ya kai gare su ya yi musu haushi. Faɗin ramin inci 9 ne, tsayinsa ma inci 9, kuma ana barin Foks Teriya na gasa su gwada.